ƊINYA TA NUNA: ABINCIN DA BA MU SHUKA BA

 

A wannan shafi mun saba yin magana game da iri, da taki, da maganin ƙwari, da ajiyar hatsi. Wannan wata za mu duba wani amfani dabam, wanda ba a yi masa huɗa, ba a yi masa noma, ba a sa masa taki, watau 'ya'yan itatuwan daji. Mun lura cewa in an zo lissafin kaka, magatakardan ƙungiya ya kan rubuta buhunan masara da na waken soya, amma babu mai rubuta ɗinya ko ɗorawa. Abin da ba ya cikin littafi kuwa, ran da mai gawayi ya zo da zartonsa, ba shi da mai tsaya masa. Domin wannan mu ke so mu duba tare, mu ga abin da itatuwan nan ke yi wa gidajenmu, da abin da ya kamata mu yi kafin su ƙare.

GIDA MAI BAKI GOMA SHA HUƊU

Wata Asabar cikin watan Satumba muka ziyarci gidan wani dattijon ekklesiya, ɗan ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu, a gefen hanyar da ta tashi daga Sabon Tasha, ta wuce Maraban Rido, ta nufi Kujama. A dā yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Sa'ad da masaƙun suka rurrufe a farkon shekarun 2000, sai ya koma ga fartanya. Wani tsoho Bagwari, watau mutumin Gbagyi, waɗanda su ne masu ƙasar wurin tun asali, ya ba shi aron gona eka uku a bakin rafi.

Mutum goma sha huɗu ke ci daga tukunya ɗaya a gidan: shi da uwargida, da 'ya'yansu bakwai, da mahaifiyarsa tsohuwa wadda kowa ke kira Kaka, da matar ƙanensa marigayi da 'ya'yanta uku, waɗanda rashin zaman lafiya ya taso daga ƙauyensu. Tun kafin gari ya waye a ke yin sujadar iyali. Daga nan 'yan mata su tafi rijiya, samari su yanko wa awaki ciyawa, uwargida ta dama koko. Mudu huɗu na masara a ke niƙa kowace rana, watau buhu ba ya kai su mako uku. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabuwar masara kuma ba ta ƙosa ba, uwargida ta kan rage awo. A irin wannan lokaci ne daji ke tallafa wa gida.

Sa'ad da tsohon nan ya ba da gonar, sharaɗi ɗaya ya kafa: akwai ɗinya uku a bakin rafin, kada gatari ya taɓa su. Dattijon ya riƙe alkawari. Gindin waɗannan ɗinya muka nufa da safiyar nan.

YADDA AKA YI TSINTAR

Ba mu tashi ba sai da rana ta ɗan ɗaga, raɓa ta ragu. Ba gidan kaɗai ba ne, akwai maƙwabta gida biyu da samari uku na ekklesiya, gama yanzu ba a zuwa bakin daji ɗai ɗai. Da muka isa, ba a bar yaro ko ɗaya ya shiga gindin itace ba, sai da babban ɗan gidan ya zagaya da doguwar sanda yana bugun ciyawa. Sa'an nan dattijon ya yi gajeriyar addu'a, aka fara.

Kowa da aikinsa. Ƙanana suna tsintar waɗanda suka zubo da kansu, gama ɗinya in ta nuna sarai faɗowa ta ke yi. Samari suna ɗan girgiza ƙananan rassa da gora mai ƙugiya. Babu mai hawa, babu mai jifa, babu mai karya reshe. Kaka tana zaune a inuwa bisa kujera 'yar tsuguno, da mazubi uku a gabanta. Na fari domin baƙaƙe masu laushi, na ci da na maɗi. Na biyu domin kore waɗanda suka ƙosa amma ba su nuna ba. Waɗannan a kan rufe su a tukunya ko a buhu kwana kaɗan har su yi baƙi. Na uku domin waɗanda suka fashe ko aka gatsa, rabon awaki ke nan.

Wani ɗan jikanta ya sheƙo da gudu. Ya ce, "Kaka, ga wata ƙatuwa!"

Ta juya ta a hannu, ta ce, "A'a, maigidana, jemage ya riga ka. Dubi wurin haƙorinsa. Jefa wa akuya, ka nemo mini wadda ba a taɓa ba."

Kafin rana ta take tsaka an cika daro biyu da rabin buhu. Amma ba a share wurin ƙarƙaf ba. Itace na uku, wanda ke kusa da mashigi, ba a girgiza shi ba sam. Muka tambayi dalili. Uwargida ta ce, "Malam, ai ba mu kaɗai ke da baki ba. Akwai gwauruwa a hayin rafi, akwai yaran Fulani masu kiwo, ga kuma tsuntsaye." Aka kuma ware mudu biyu domin gidan mai gonar. Wannan ya tuna mana da dokar kala a Littafin Firistoci sura 19, inda aka umurci mai gona ya bar wa matalauci da baƙo rabonsu a lokacin girbi.

A hanyar komawa dattijon ya tsaya, ya dube mu, ya ce, "Malam, ku da ke rubuta buhunan masara, wa ke rubuta wannan?" Ba mu da amsa a ranar. Wannan takarda ita ce amsarmu.

KOWANE LOKACI DA NASA

In mun lura, Allah ya jera itatuwan nan bi da bi, har ba a cika samun watan da daji ba shi da abin bayarwa ba. Lokacin ya kan ɗan bambanta bisa ga ruwan shekara da kuma wuri, amma ga yadda ya ke a ƙasarmu:

Bazara, daga Maris zuwa Mayu. Ɗorawa ta kan nuna. Garinta rawaya abin sha ne ga yara, kalwarta kuma ita ce daddawa. A lokacin ne ɗinya ke fid da sabon toho, watau ɗinkin, wanda a ke dafawa a yi kwaɗo da ƙuliƙuli, sa'ad da ganye ya yi wuya. Wajen faɗuwar ruwan fari a kan sami tsada, da malmo a bakin rafuffuka.

Farkon damina zuwa marka. 'Ya'yan kaɗanya su kan zuba. A sha naman, a tara ƙwarar domin man kaɗe. Ga gwandar daji, ga faru, ga ciwo a cikin kurmi. Waɗannan su ne ke riƙe mai noma da yaransa a gona a watannin da hatsi ya fi tsada.

Daga marka zuwa kaka. Lokacin ɗinya ke nan. Atili kuma ya kan fara shigowa kasuwanninmu daga wajen Kagoro da Filato.

Hunturu da rani. Kanya, da taura, da tsamiya, da kuka, da magarya a wuraren da ta ke.

Tsofaffinmu sun san wannan jeri da ka. Yawancin yaran da aka haifa a Narayi ko Unguwan Romi kuwa, a tire kawai su ke ganin ɗinya, ba su san itacenta ba.

AMFANINSU GA JIKI DA ALJIHU

Tuwon masara yana cika ciki, yana ba da ƙarfi, amma ba ya ɗauke da dukan abin da jiki ke bukata. Tsada, da magarya, da garin 'ya'yan kuka suna da bitamin C da yawa. Shi ne ke taimakon miki ya warke, ya ƙarfafa dasashi, ya kuma taimaki jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, wanda ke ƙara jini. Daddawar kalwa tana da abin gina jiki, ga gidan da ba ya ganin nama sai ran Kirsimati. Ɗinya da kanya suna da zaƙi mai ba yaro kuzari, ba tare da an ɓatar da kuɗi wajen biskit da lemon kwalba ba. A gida mai yara goma, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ga kuma kuɗi. Abin da ya ragu a kan kai kasuwar Sabon Tasha ko ta Kujama, kuɗin kuwa hannun mata ya ke shiga. Shi ne na sabulu, da littafin rubutu, da baikon Zumuntar Mata. Har wa yau, ƙudan zuma na son furen ɗinya da na ɗorawa ƙwarai. Wanda ke da amya kusa da su ya san bambanci.

Amma sai mu faɗi gaskiya. 'Ya'yan itace ƙari ne bisa abinci, ba su maye gurbin tuwo da wake ba. Ba kuma su maye gurbin asibiti ba. Yaron da ya rame, ko idonsa ya yi fari, ko ya ke gudawa, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

YADDA A KE MAƊIN ƊINYA

Ɗinya nunanniya ba ta jimre ajiya, kwana biyu ko uku sai ta fara tsami. Shi ya sa a lokacinta ta ke araha, bayan wata ɗaya kuma a neme ta a rasa. Maganin wannan tun dā iyayenmu suka same shi, watau maɗi. Ga yadda Kaka ta yi a gabanmu da yammacin nan:

1. A zaɓi baƙaƙe masu laushi kaɗai. A cire hular da ke gindin kowace, a wanke sau biyu da ruwa mai tsabta.

2. A zuba a babbar roba ko tukunya, a sa ruwa daidai yadda zai rufe su. A wanke hannu da sabulu, a murtsuke har naman ya rabu da ƙwallon.

3. A tace da rariya, sa'an nan a sāke tacewa da farin ƙyalle mai tsabta. Kada a zubar da ƙwallayen, za mu komo kansu.

4. A ɗora ruwan a wuta, tukunya a buɗe. Da fari a ba shi wuta sosai, a riƙa kwashe kumfa. In ya fara kauri a rage wuta, a riƙa juyawa da muciya, gama a nan ne ya kan kama gindi ya yi ɗaci.

5. A ɗiga kaɗan bisa faranti mai sanyi. In ya tsaya bai gudu ba, ya yi. In an ƙara dafa shi gaba da haka, sai ya zama alewa.

6. A zuba a kwalabar da aka dafa cikin ruwan zafi ta bushe sarai, a toshe. Kada cokali mai jiƙe ya shiga.

Maɗin da ya yi kauri sosai ya kan yi watanni. A sa a koko ko kunu a maimakon sukari. Wanda ya yi fumfuna ko ya kumbura murfi, a zubar. Aikin yana cin itacen wuta, don haka ya fi kyau gidaje uku ko huɗu su haɗa su dafa a tukunya ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABUBUWAN DA ZA A YI HATTARA DA SU

Maciji. Inda 'ya'yan itace ke zuba, ɓeraye na zuwa, inda ɓera ya ke kuma maciji na nan. A bugi ciyawa tukuna, a sa takalmi, kada a tura hannu cikin rami ko ƙarƙashin tarin ganye. In an yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam da igiya. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan.

Hawa. Reshen da ya yi nauyi da 'ya'ya, ga santsin damina, ba abin amincewa ba ne. Kada ya zama kanya ta nuna biri ya karye.

Maganin feshi. Yanzu kusan kowa na fesa maganin ciyawa. Kada a tsinci abin da ya zuba a inda aka yi feshi kwanan nan. Mai gona kuma ya bar gindin itace, ya nome shi da hannu. Kada a taɓa zuba maɗi ko ruwan sha a galan ɗin magani, ko an wanke shi sau nawa.

Masu dafi. Ba kowane ɗan itace a ke ci ba. 'Ya'yan cini da zugu da a ke shinge da shi suna da daɗi a baki, amma su kan sa yaro amai da gudawa mai tsanani. Haka 'ya'yan zurma, da idon zakara mai ja da baƙi, da zaƙami. Tsada ma namanta a ke sha, kada yara su fasa ƙwallon su ci na ciki. Dokar gida ita ce: abin da babba bai nuna maka ba, kada ka kai baki.

Shanya. Abin da a ke busarwa, kamar garin ɗorawa da tsamiya, kada a baza shi a ƙasa ko a bakin titi ya kwana. Ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa. A shanya bisa rumfa, a ajiye a mazubi mai murfi.

Haƙƙin mai shi. Ɗorawa da kaɗanyar da ke cikin gona suna da masu su. A nemi izini. Faɗa da yawa tsakanin maƙwabta daga gindin itace ya fara.

Tsaro. Dukanmu muna tune da watan Yuli na 2021, sa'ad da aka sace ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, a kan wannan hanya tamu. Kada a aiki yara daji su kaɗai. A tafi cikin taro, a gaya wa mai unguwa inda aka nufa, a komo da rana tsaka. In an ji labarin da bai kwanta ba, a fasa. Rai ya fi ɗinya.

INA ITATUWAN SUKA TAFI?

Tsofaffin Gbagyi za su gaya muku cewa wurare da yawa da ke cike da gidaje yanzu, daga Kamazou zuwa Gonin Gora, gonaki ne da daji a dā. Masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, matatar mai ta fara aiki a 1980, mutane suka yi ta zuwa neman aiki. Bayan rikicin shekarar 2000 kuma, iyalai masu yawa suka ƙetaro kogi suka zauna a kudu. Kowa na bukatar wurin sa kansa, wannan ba laifi ba ne. Amma abin da mu kan yi in mun sayi fuloti shi ne mu share shi fes, har da itacen da ke kusurwa wanda bai tare wa kowa gini ba.

Na biyu shi ne gawayi. Kananzir da gas sun fi ƙarfin talaka, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin kome ya tashi. Masu gawayi kuwa itace mai tauri su ke so, irin su kirya da kaɗanya. Sai mu yi lissafi. Kaɗanya ta kan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, daga nan kuma ta ciyar da 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne. Gawayinta kuwa cikin 'yan makonni ya zama toka. Ko gwamnati ta san darajarta: a watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya zuwa ƙasashen waje har wata shida, domin a riƙa sarrafa ta a gida.

Na uku, kuma shi ne wanda ba a cika gani ba, rashin ƙanana. Ku duba gonakinku. Manyan itatuwa na nan ɗai ɗai, amma ina masu tasowa? Wutar daji, da garmar tarakta, da maganin feshi, da awaki suna gamawa da su tun suna tsiro. Garin da ke da tsofaffi kaɗai ba yara, kowa ya san ƙarshensa.

A Maimaitawar Shari'a sura 20 an hana Isra'ilawa sare itatuwa masu ba da abinci ko a lokacin yaƙi, a ƙasar abokan gāba. In haka ne a fagen fama, yaya mu da ke sare namu a gonar kanmu?

DARASI DAGA MARAƊI

Kada wani ya ce aikin gama ya gama. Akwai manoma da suka fi mu shiga wannan hali, suka kuma fita. Su ne manoman jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, arewa da Katsina, inda ruwan sama bai kai rabin namu ba.

A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal. Akwai wani ma'aikacin mishan na SIM, mishan ɗin da ekklesiyar ECWA ta fito daga cikinta, sunansa Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya. Ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ke tohowa a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace shekara, ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Ba dashe a ke bukata ba, gyara ne. A zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran, a ɗan rage rassan ƙasa, a tsare daga wuta da dabbobi. Da ya ke saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen ya kan tashi da sauri fiye da na dashe.

Da fari manoma sun yi masa dariya. Bayan yunwar 1984 aka fara gwadawa, manomi ya gani wurin manomi. Suka sa masa suna sassabin zamani. Masu bincike sun kimanta cewa ta wannan hanya an mai da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Ba a kashe kuɗin kirki ba, adda ce kawai da haƙuri. Ɗinyarmu kuwa tana cikin itatuwa masu toho daga kututture, har daga saiwa. In an yi a Maraɗi, mu da ke da rafuffuka ba mu da hujja.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

1. A ƙidaya. Kowane ɗan ƙungiya ya ƙirga itatuwa masu 'ya'ya da ke gonarsa, iri iri, manya da ƙanana. Magatakarda ya buɗe musu shafi a littafi, kusa da na masara. A sāke ƙirgawa kowace shekara.

2. A kafa doka. 'Yan ƙungiya su yarda a tsakaninsu cewa ba mai sare ɗinya, ko ɗorawa, ko kaɗanya mai rai sai ya kawo maganar gaban taro. Sau da yawa kuɗin makaranta ko na asibiti ne ke sa mutum ya kira mai gawayi. In haka ne, a ba shi rance daga asusun ƙungiya, itacen ya tsaya. Mai aron gona kuma ya yi shawara da mai ƙasa tukuna.

3. A yi sassabin zamani. A sassabe mai zuwa, kowa ya bar aƙalla toho goma a eka, ya fi ba da ƙarfi a kan iyaka da bakin rafi. A kafa turke ko a ɗaura tsumma, domin mai feshi da mai tarakta su gani.

4. A shuka. Ƙwallayen da suka rage daga maɗi iri ne, in an ware su kafin a ɗora wuta. A zaɓi na itace mafi zaƙi. Ƙwallon ɗinya na da tauri, ya kan daɗe bai tsiro ba. A ɗan goge bakinsa bisa dutse, a jiƙa, a shuka a leda, a yi haƙuri. Kalwa ba ta da wuya, a jiƙa ta kwana ɗaya bayan an ɗan karce bayanta. Kaɗanya kuwa sai a shuka ta ɗanya da zarar ta faɗo, a wurin da za ta zauna, gama tana saurin mutuwa, saiwarta kuma ba ta son ciro. Harabar majami'a da ta makaranta wuri ne mai kyau.

5. A tsare daga wuta. Kafin ciyawa ta bushe a watan Nuwamba, a share kewayen kowane ƙaramin itace taki biyu.

6. A sa rana. A tsai da ranakun tsinta na taro, samari su yi rakiya, Zumuntar Mata ta haɗa dahuwar maɗi da sayarwa. A roƙi tsofaffi su zo makarantar Lahadi su koya wa yara sunayen itatuwa, da Hausa da kuma harshensu na gida, da waɗanda a ke ci da waɗanda ba a ci.

Bayan mako biyu muka koma gidan dattijon. Yara suka ja mu zuwa bakin rafi. Sun sami ƙananan ɗinya bakwai da ɗorawa biyu a cikin ciyawa, sun kewaye kowace da duwatsu. Kaka ta ce ita kam ba za ta sha 'ya'yansu ba, amma waɗanda ta sha tun tana yarinya ma ba ita ta shuka ba.

TAMBAYOYI DOMIN TARON WATA

(a) Waɗanne 'ya'yan itatuwa muka sha muna yara, waɗanda 'ya'yanmu ba su sani ba?

(b) Itatuwa masu 'ya'ya nawa aka sare a gonakinmu cikin shekara biyu da suka wuce, kuma wace bukata ce ta sa?

(c) Wa zai riƙe shafin itatuwa a littafinmu, yaushe kuma za a kawo lissafin fari?

Ran godiyar kaka, sa'ad da a ke shigo da dammunan dawa da buhunan masara, bari a ga kwalabar maɗi da ƙwaryar daddawa a gaban bagadi su ma. Magatakarda su aiko mana da lissafinsu ta hannun malamin gona na yankinsu kafin ƙarshen Disamba. Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.